Neman taimako: me za mu kira gyro gunsight da Hausa?

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Gobe da ƙarfe goma zan naɗi shirin rediyo kan jiragen Yaƙin Duniya na Biyu, kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: gyro gunsight. Na'urar saiti ce da aka ƙirƙiro a Farnborough ta Ingila, aka gwada ta a 1941. Kamfanin Ferranti ya ƙera ingantacciyarta a Edinburgh, Amurkawa suka kwaikwaya suka kira tasu K-14. A taimaka.

Baban Ummi: Madubin saiti. An gama.

Injiniya: Ba a gama ba, Baban Ummi. Madubin saiti akwai shi tun kafin wannan. Ka tuna maharbi idan zabuwa ta tashi: ba inda take yake aunawa ba, inda za ta je yake tarewa. Abin da ya gagari yawancin matuƙa ke nan. A cikin na'urar akwai ɗan madubi da ake juyawa da gudu, abu mai juyi kuwa ba ya son a karkata shi. Idan matuƙi ya sha kwana yana bin abokin gaba, ɗigon hasken da yake gani a gilashi sai ya ja baya. Kafin ya maido da ɗigon kan jirgin, dole ya ƙara tura hancin nasa gaba, bindigoginsa kuma a kafe suke, hanci suke bi. Ya sha gaban ke nan ba tare da lissafi ba.

Injiniya: Na manta nisa. Zai fara saita faɗin fukafukan wanda yake bi, misali jirgin yaƙin Jamus Fw 190 mita 10.5. Sai ya riƙa murɗa hannun totur har ɗigo shida da ke kewaye su matse jirgin daidai, daga yadi 200 zuwa 800. Gwargwadon nisa, gwargwadon ja da bayan ɗigon. Maganaɗisun lantarki ne ke daidaita hakan. Don haka sunan ya kamata ya nuna shan gaba.

Tsohon Malami: Mazari! Wanda ya taɓa ganin tsohuwa tana kaɗi ya san mazari ba ya faɗuwa muddin yana juyi. Mazarin bara. Ku bar mana "saiti" ɗin nan, aro ne.

Baban Ummi: Malam, wace barar? Ta almajirai ko wadda ta gabaci bana?

Tsohon Malami: Bara ta aunawa, yaro. A rediyo za a faɗa, murya za ta bambanta. Laifin wa ne idan ba ka san ta ba?

Ɗan Damagaram: Mu katantanwa muka sani da tsayuwa a kan tsini. Amma na san tunda ba daga Kano ta fito ba, ba za a karɓa ba.

Baban Ummi: Katantanwa kuma har a Kano an yi ta, kada ka kawo mana wannan.

Hajiya Malama: Ranka ya daɗe Malam, bindiga ma aro ce daga Larabci, ba ka kore ta ba. Ɗalibaina sun san saiti, ba su taɓa riƙe mazari ba.

Tsohon Malami: To shi ya sa za a faɗa musu, Hajiya. Jamusawa da suka yi tasu EZ 42, da harshen Ingila suka raɗa mata suna?

Injiniya: Haruffa biyu da lamba ne fa, Malam.

Mai Fassara: Jama'a dare ya yi. Zan ce "saitin shan gaba". Wurin bayanin madubin zan ce yana juyi kamar mazari, sau ɗaya.

Tsohon Malami: Sau biyu. Kuma ni ban yarda da saitin ba.

Ɗan Damagaram: Katantanwa dai an binne ta.

Mai Fassara: Minti takwas aka ba ni, Malam. Sau ɗaya.