Tsohuwar Hiace ta rabon burodi: in mayar da ita ɗakin kwana ko in sayar?

Mai Gyaran Injin Ban Ruwa, Garwa:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Sana'ata gyaran injin ban ruwa ce, kuma daga Nuwamba zuwa Afrilu da wuya in kwana a gida, domin ina bin lambunan albasa na bakin Binuwai a arewacin Kamaru, daga Pitoa har Lagdo. Da babur nake yawo, ina kwana a zauren duk wanda ya kira ni, kayan aikina kuma rabi a nan rabi a can, har sau biyu ana sace mini makullai. Yanzu kawuna ya bar mini tsohuwar Toyota Hiace ƙirar 1998 mai injin gazuwal (dizal) samfurin 3L, wadda ya daɗe yana rabon burodi da ita, bayanta rufe yake ba taga ko ɗaya. Nufina in sa gado a gefe guda, akwatin kayan aiki a ƙarƙashinsa, da fanka da fitila da jarkar ruwa. Abin da na tara sefa 600,000 ne, babu ƙari. Tambayata uku ce: me ake yi wa jikin mota don mutum ya iya barci a cikinta da bazara, wane batir ne zai riƙe fanka har asuba, kuma shin kat giris, wato takardar rajistar mota, da ke cewa motar kaya ce zai ja mini magana a hanya? Akwai wanda ya taya ta sefa 1,400,000, yana jiran amsata zuwa Juma'a.

Ɗan Kasuwa, Kuseri:
Wa'alaikumus salam, ƙanena. Shawarata ka rabu da Hiace ka nemi Mercedes Sprinter mai dogon rufi, domin a cikinta mutum yana miƙewa tsaye ya sa rigarsa ba tare da ya durƙusa ba. Na ga wata a Njamena da aka yi wa ɗaki da wurin wanka, kai ka ce masaukin baƙi ne.

Mai Gyaran Injin Ban Ruwa, Garwa:
Na gode, Alhaji, sai dai kuɗin da na ambata ko tayoyin Sprinter da takardunta ba zai kammala ba.

Makaniki, Marwa:
Kafin ka sayi ƙusa ɗaya, ka kai motar a wanke lagireto, a duba famfon ruwa da bel, a kuma kwanta ƙarƙashinta a ga ko tsatsa ta ci shasi. Injin Hiace a ƙarƙashin kujerun gaba yake, saboda haka idan ka yi tafiyar yini ka tsaya, zafinsa yana ci gaba da hawa cikin motar har bayan isha'i. Injin 3L yana da juriya, amma ba ya yafe wa wanda ya bar shi ya tafasa.

Mai Atamfa, Marwa:
Ɗana, ka saurari wanda ya riga ka shiga wannan rami. Shekara huɗu da suka wuce na yi abin da kake shirin yi, da irin motarka, domin ina ɗauko atamfa daga Ngaundere inda jirgin ƙasa yake sauke kaya, in bi kasuwannin mako ina sayarwa, kuma kuɗin masauki ya ishe ni. Wani mai walda, wanda ba zan ambaci sunansa ba don yana da iyali, ya ce in bar masa komai. Ya yanke rufin ya ɗaga shi kamu biyu don in riƙa tsayawa, ya ƙera gado da ƙarfen ƙofa, ya ɗora durom mai lita 200 a baya, na ƙara da janareta. Mun yi ciniki a kan sefa 450,000 da mako uku, aikin ya ci wata biyar da sefa 900,000, kullum da sabon abin da ya ƙare.

Ranar da na karɓe ta unguwa ta fito kallo, ni ma har na ji kaina ya yi girma. Ruwan Agusta na farko ya bi ta inda aka yi waldar ya sauka a kan turame 40, launin wannan ya zuba a kan wancan, na sayar da su a farashin tsumma. Ban daddara ba, na sa aka shafe wurin da kwalta. Sai ranar da na wuce Mbe na fara hawan dutsen nan na Ngaundere, ga durom cike, ga janareta, ga ƙarfen gado, ga iska tana dukan dogon rufin. Allurar zafi ta haura, ni kuma ga manyan motoci a bayana babu wurin raɓewa, kafin in sami gefen tsayawa kan injin ya riga ya tanƙware. Kwana uku na yi a gefen hanya ina gadin mota, ina kwana a kan tabarma a waje, domin cikin ɗakin da na kashe wa dukiyata ba ya shiguwa don zafi. Yau tana bayan gidana, kajin uwargida ne ke kwana a ciki, kuma su kaɗai ne ba su taɓa kawo ƙara ba.

Hajiya Mai Abinci, Gidar:
Allah ya mayar da alheri, Baba. Amma ko ba komai kajin sun sami gida mai sefa 900,000, abin da yawancinmu ba mu samu ba. Shi kuma mai tambaya, ina so in ji ko ya shawarci matarsa, domin mota mai gado da fanka da fitila kishiya ce mai ƙafa huɗu.

Kafinta, Garwa:
Kuɗin da Baba ya kashe ya ba ni mamaki. Bara na yi wa wani mai sayar da maganin dabbobi da ke zuwa kasuwar shanu ta Adumri irin wannan aiki, gado da akwatuna biyu da rufin ciki na katako marar kauri, duka sefa 130,000 har da ladana. Ba a yanke komai ba, ba a yi walda ba, da noti aka ɗaure gadon don a iya kwance shi.

Mai Atamfa, Marwa:
Malam kafinta, 130,000 ko katakon kirki ba za ta saya ba a Marwa. Ko dai gara ta riga ta cinye gadon, ko kuwa ba ka faɗi sauran lissafin ba. Ni ma da 450,000 aka fara da ni.

Mai Sayar da Kayan Sola, Yagwa:
Batun wuta lissafi ne mai sauƙi. Batir mai amfiya 100 a kan bolt 12 yana ɗauke da abin da ya kai wat 1,200 na awa guda, amma irin na dalma rabinsa kawai ake ci idan ana so ya daɗe, wato 600. Fanka mai wat 25 idan ta yi awa 10 ta ci 250, fitila biyu da cajin waya ba za su kai 100 ba. Ke nan batir ɗaya da faifan sola mai wat 150 sun ishe ka, muddin ba ka sa firji ba, kuma kana share ƙurar hunturu daga kan faifan kowace safiya. Kada ka ja wutar daga batirin tayar da mota, in ba haka ba wata asuba za ka nemi masu turi a tsakiyar lambu. Duka da na'urar daidaita caji da waya da fis, ka ware sefa 170,000.

Ɗan Kasuwa, Kuseri:
A nan Kuseri da 95,000 za a haɗa masa wannan duka.

Mai Sayar da Kayan Sola, Yagwa:
Za a haɗa masa, Alhaji, da batirin da aka rubuta wa 100 a jiki alhali idan ka ɗaga shi da hannu ɗaya kamar ka ɗauki kwanon tuwo. Batirin dalma na gaskiya mai wannan girma yana kusan kilo 30.

Ɗalibi, Faransa:
Ina gaida iyayena. A nan ana yawan mayar da motocin aiki gidaje, kuma abin da suke fara yi shi ne shimfiɗa abin tare zafi tsakanin ƙarfe da katako, sannan su huda rufi su sa ƙaramar fanka mai fitar da iska, su buɗe wata kafa a ƙasa don sabuwar iska ta shigo. Farin soson da ake naɗo firji da talabijin a cikinsa yana iya yin wannan aiki, kuma farin fenti a kan rufi yana rage zafin rana ƙwarai.

Tsohon Direba, Ngaundere:
Yaro, Allah ya ba da sa'ar karatu, amma mutanen da kake gani sanyi suke gudu, mu kuwa wuta muke gudu. A Garwa zafin Maris da Afrilu yana wuce digiri 40, ƙarfe yana shan rana tun hantsi, kuma soson da ya hana zafi shiga da rana shi ne zai hana shi fita da dare. Na yi shekara 31 ina jan babbar mota tsakanin Ngaundere da Njamena, ban taɓa ganin direba mai hankali ya kwana cikin mota da bazara ba. Tabarma ake shimfiɗawa a gefenta, a ɗaura gidan sauro a jikin madubi. Mota wurin ajiya ce da mafakar ruwa da sanyin Disamba da Janairu, kuma a kan haka ya kamata mai tambaya ya kashe kuɗinsa: makulli mai kyau, tamfol da za a ja daga rufi ya zama rumfa, da gadon da ake fitarwa waje.

Abu biyu kuma ba wanda ya faɗa. Na farko, kada ka kunna gawayi ko janareta a cikin mota a rufe, ko da sanyi ya kai yaya, domin iskar da ke kisa ba ta da wari, barci kawai take ƙara wa mutum. Na biyu, kada ka tsaya a bayan gari don neman shiru. A yankunan da aka sha fama da masu satar mutane, baƙuwar mota marar taga da ta kwana a bakin daji abin tsoro ce ga mutanen gari, kuma 'yan banga ba za su tsaya tambayarka injin wa ka zo gyarawa ba. Ka isa da rana, ka gaida mai gari, jauro ko lawan, ka tsaya inda ya nuna maka.

Ɗalibi, Faransa:
Baba, ban musa maka ba, sai dai kafar iska a rufi ba al'adar Turawa ba ce, iska mai zafi sama take hawa a Faransa da Garwa baki ɗaya.

Makaniki, Marwa:
Yaron yana da gaskiya a kan kafar, Baba yana da gaskiya a kan tabarma. Abin da ban yarda da shi ba shi ne wanda bai taɓa kwance noti ba ya riƙa yanke hukunci a kan inji. Motar Baba mai atamfa ba ɗaki ne ya kashe ta ba, nauyi ne da lagireton da ba a wanke ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, durom ɗinsa kaɗai nauyin mutum uku ne.

Mai Atamfa, Marwa:
To, ashe laifina ne. Makanikin da ya duba ta kafin tafiyar, ya karɓi kuɗina ya ce ko Duwala za ta je ta dawo, shi ma ɗan sana'arku ne. Ni da na yi asara ba ni da bakin magana, sai ku da kuke ci daga asarar.

Mai Gyaran Injin Ban Ruwa, Garwa:
Allah ya huci zuciyar Baba. Na fahimci batun rufi da nauyi, ba zan yanke komai ba, kuma jarka biyu masu lita 20 sun ishe ni. Har yanzu dai ba wanda ya taɓa maganar kat giris.

Ɗan Kasuwa, Kuseri:
Kat giris ba shi ne damuwarka ba, ƙanena, domin ko takardunka sun cika kamar na ango sai an samo abin da ya rage. Watan jiya a wani shinge na miƙa kat giris da inshora da bizit, wato takardar duba lafiyar mota, da lasisi, mutumin ya juya su ya juya, sannan ya tambaye ni rasit ɗin tabarmar sallar da ke kan kujera.

Tsohon Direba, Ngaundere:
Wannan kaɗan ne. Mota mai rufaffen baya kowa so yake a buɗe masa, kuma idan aka ga gado za a ce fasinja kake ɗauka a motar kaya, idan aka ga injin ban ruwa na mutane za a ce ina shaidar ba na sata ba ne. Ka riƙa karɓar 'yar takarda daga hannun mai kowane inji. Ga kuɗin hanya sefa 500 a kowace ƙofa, wanda da babur ba ka san da shi ba, ga gazuwal da ya koma sefa 828 lita a Fabrairun 2024.

Hajiya Mai Abinci, Gidar:
Mu da muke biyan 500 ɗin nan kullum muna so mu san inda take shiga, domin ramukan da ke hanyar sun girmi wasu daga cikin masu karɓar kuɗin.

Ɗan Kasuwa, Kuseri:
Hajiya, ke da kike Gidar ai kina cikin ni'ima. Ki zo ki bi daga Mora zuwa Dabanga da damina, ki ga inda sifirin mota yake karyewa tun ba a ɗora mata gado ba.

Mai Gyaran Injin Ban Ruwa, Garwa:
Mai sayen ya sake kira da yamma, ya ƙara sefa 50,000, ya ce gobe bayan sallar Juma'a zai zo da kuɗin a hannu. Idan akwai wanda ya taɓa zuwa a sauya masa rubutun kat giris bayan ya sa gado, don Allah ya gaya mini ko dole ne, da abin da ya biya.

Mai Atamfa, Marwa:
Ka tambaye shi ko yana son biyu, tawa ma tana nan, sai dai ya ba ni kwana biyu in nema wa kajin wurin kwana.