Rashin kuɗi ne ya durƙusar da bincike a jami'o'inmu, ko neman rasit?

Malamin Kimiyya: Salamu alaikum jama'a. Jiya bayan Isha'i a Agege na yi wata magana, Baba Akanta ya ce in kawo ta nan kowa ya ji. Cewa na yi ba ƙarancin kuɗi ne ya fi cutar da binciken kimiyya a jami'o'in gwamnati ba, sharuɗɗan kashe kuɗin ne. Kuma ina nan kan bakana.

Ɗan Mile 12: Haba Malam. Ba ku ne kuka rufe makarantu wata takwas a 2022 kuna kukan babu kuɗi ba? Yau kuma kuɗi ya yi yawa?

Malamin Kimiyya: Ban ce ya yi yawa ba. Wancan rigimar albashi ce da yarjejeniyar 2009 tsakanin gwamnatin tarayya da ƙungiyarmu ta malaman jami'o'i, ASUU. Ni kuɗin TETFund nake nufi, asusun tallafa wa manyan makarantun gwamnati, wanda aka kafa da harajin ilimi da aka ɗora wa ribar kamfanoni. Da kashi 2 cikin ɗari aka fara, ya koma 2.5, a 2023 ya kai 3. Idan an zo rabo jami'o'i su ɗauki kaso biyu, kwalejojin fasaha ɗaya, kwalejojin ilimi ɗaya. Kuɗi na shigowa. Amma ku ji yadda ta kaya da ni. Na samu tallafi zan auna yawan dalma a jikin kifin da ake kamawa wajen Makoko, unguwar masunta a nan Legas. Aka sakar min kason farko. Na ɗauki mai kwale-kwale, sau shida muna fita tun da asuba, na sayi kifi hannun matan bakin ruwa. Da na kai bayanin abin da na kashe ofishin kuɗi na makarantarmu, sai aka dawo min da fayil, wai ina rasit ɗin mai kwale-kwale? Mutumin da ko biro ba ya yawo da shi! Wata huɗu fayil na kai-komo. Kifin na cikin firiza, wuta ba ta tsayawa, ni kuma ban sa man janareta a kasafin da aka amince da shi ba, don haka ba ni da ikon taɓa ko kwabo in saya. Ranar da na buɗe firizar nan, ɗalibaina biyu waje suka ruga da hannu a hanci.

Baba Akanta: Wa alaikumus salam. Ɗana, na tausaya wa kifinka, amma laifin wa? Shekara talatin na yi a kan teburin nan kafin in yi ritaya. Wanda ba shi da rasit akwai takardar shaidar biya, ka rubuta sunansa da aikin da ya yi da adadin kuɗin, ya dangwala yatsa, shaida ya sa hannu. Odita zai karɓa. Ku malamai kun iya rubuta shafi hamsin na neman tallafi, amma ku tako ofishinmu ku yi tambaya kafin ku fara kashewa, wannan ya yi muku ƙasƙanci.

Malamin Kimiyya: Baba, wallahi babu wanda ya gaya min.

Baba Akanta: Ka tambaya? Kuma ku tuna asalin kuɗin nan. ASUU ce ta kawo shawarar harajin zamanin da Attahiru Jega ke shugabanta, ta shiga yarjejeniyar 1992, aka kafa asusun a 1993. A 2011 aka sake doka aka taƙaita shi ga manyan makarantun gwamnati, don da har firamare da sakandare ana yayyafa wa, ba ya tsinana wa kowa komai. Kuɗin da aka sha wannan gwagwarmaya a kai kake so a miƙa ba lissafi? Da idona na ga wanda ya karɓi kuɗin zuwa taron ilimi a ƙasar waje, fasfonsa ko hatimi babu. Na ga wanda kuɗin bincike ya zama kayan ɗakin 'yarsa. Irinsu ne suka jawo aka ce ba a sakin kaso na biyu sai an ga bayanin na farko. Wake ɗaya ne ke ɓata gari.

Alhaji Mai Kaya: Baba, ku yi haƙuri in sa baki, tunda ni nake sayar musu da sinadarai da kwalaben gwaji. Takardun nan ba sa kama ɓarawo. Ana cewa a kawo takardar farashi daga kamfani uku a gwada, ko ba haka ba? To na san masu kaya a garin nan da ke da takarda mai tambarin kamfani uku a aljihun tebur ɗaya. Wanda ya zo cin kuɗi fayil ɗinsa ya fi na kowa tsabta, ranar da ya kai ranar za a sa hannu. Mai gaskiya irin Malam shi ke maƙalewa.

Ɗan Mile 12: Alhaji, "na san masu kaya" ko dai aljihun teburinka ne?

Alhaji Mai Kaya: Kai dai je ka ji da tumatirinka. Abin da ya fi ci min rai shi ne farashi. Kayan nan duk da dala ake shigo da su. Kafin watan Yunin 2023 dalar gwamnati ba ta kai naira 500 ba, farkon 2024 ta haura 1,500. Malami ya karɓi farashi a wurina yau, sai bayan wata shida a amince, ya dawo da tsohuwar takarda yana cewa in ba shi a haka. In ba shi in ci me? Shi kuma ba a yarda ya ɗebi kuɗin wani layi na kasafi ya cike wannan ba sai ya sake rubuta takarda.

Baba Akanta: Nan kam na ba ka gaskiya, jinkirin ya yi yawa. Amma jinkiri daban, doka daban. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ba ta ce fayil ya kwana wata huɗu kan teburin mutum ba.

Maman Khadija: Ni dai ina ta karantawa ina jinjina kai. 'Yata tana shekarar ƙarshe a fannin nazarin ƙwayoyin cuta. Aikinta na kammalawa, hatta safar hannu da auduga da abincin da ake renon ƙwayoyin a kai, ni na saya da kuɗin adashe. Ginin ɗakin gwajin nasu sabo fil, an yi masa fenti, ciki kuma famfo ba ruwa. Malam ya ce akwai kuɗi, Baba ya ce akwai doka. To ni a wane layi na kasafin nake?

Malamin Kimiyya: Hajiya, gini ya fi sauƙin nunawa. Mai duba aiki ya zo ya ɗauki hoto ya tafi. Sinadarin da ya ƙare a cikin kwalba ba ya fita a hoto, shi ya sa kowa ke gudun sa hannu a kansa. Maganata ke nan tun farko.

Baba Akanta: A'a, ka sauya. Da farko ka ce sharuɗɗa ne suka cuce ka, yanzu ka koma kan abin da shugabanni suka fi so su kashe wa kuɗi. Ka zo gida ranar Asabar bayan La'asar da fayil ɗin, in nuna maka yadda ake cike takardar. Mai kwale-kwalen yana nan?

Malamin Kimiyya: Yana nan, Baba. Sai dai ya ce kuɗin fita ya ninka, fetur ya tashi.