Da wane suna ake kiran mai sa wa doki takalmi?

Ɗan Gwandu:
Assalamu alaikum. Tun da aka shimfiɗa kwalta a hanyar da muke bi zuwa filin idi, kofaton dokin mahaifina yake cinyewa, har ya fara ɗingishi bayan hawan sallar bara. An ba ni shawara in sa a yi masa takalmin ƙarfe, amma da na tashi cigiya sai na rasa sunan mai wannan sana'a. Maƙeri zan nema, ko akwai wani suna dabam?

Baba Maƙeri, Argungu:
Wa alaikumus salam, ɗana. Hausa ba ta keɓe wa sana'ar nan suna ba, domin dawakinmu a kan rairayi da ƙasar gona suka saba tafiya, inda kofato yake goguwa daidai da yadda yake tsirowa. Abin da muka gada a maƙera shi ne linzami da likkafa. Datse kofato kuwa aikin mutanen barga ne, waɗanda a gidan sarauta Shamaki yake shugabanta. Ka ce mai sa wa doki takalmi, kowa zai gane. Sai dai kada ka miƙa shi ga maƙerin da bai taɓa ɗaga ƙafar doki ba. Lanƙwasa ƙarfen ba wuya. Gwanintar tana wajen ƙusa, wadda dole ta bi ɓawon kofato na waje, inda babu jini, ta ɓullo ta gefe, a datse bakinta a danne da guduma, a goge da magagari. Idan ta kauce kaɗan ta taɓa nama, ɗingishin gobe zai fi na yau.

Malamin Islamiyya, Jega:
Larabawa suna ce masa baiɗar, kuma daga wannan kalma suke kiran likitan dabbobi, saboda a da mutum ɗaya ne yake yin ayyukan biyu. A Ingila kuwa, bisa dokar 1975, wanda ba shi da rajistar sana'ar ba ya buga wa doki takalmi.

Mai Barga, Yawuri:
Gaskiyar Baba ne. Ina ƙara cewa kofato ba ya daina tsirowa don an sa masa ƙarfe, saboda haka duk bayan mako 6 zuwa 8 sai an cire takalmin, an datse, an mayar. Idan sau biyu a shekara dokin yake taka kwalta, Ɗan Gwandu, ni a ganina ɗawainiyar ta fi amfanin yawa. Fara kiran likitan dabbobi ya duba ƙafar. In ya ce lallai sai takalmi, masu dawakin Polo na Kaduna da Katsina sun san masu aikin.