Tsohuwar Takardar Awon Zinariya da Yadda Za a Mayar da Ita Giram

Hajiya Rabi, Jidda:
Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Muna shirin rabon gadon mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, sai muka tarar da warwaraye na zinariya a ƙasan akwatinsa, an ƙulle su cikin tsumma tare da wata takarda da ta yi ja saboda tsufa. An rubuta a jikinta da tawada 3 oz 7 dwt 12 gr, sannan 22 a gefe. Ƙanena ya buga a wayarsa ya ce giram 85 ne da 'yan kai, amma hankalina bai kwanta ba, domin haƙƙin marayu na ciki, kuma ina son in tabbatar kayan sun cika kamar yadda marigayin ya ajiye su.

Malam Habu, Makka:
Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya gafarta wa Baba. Ƙanenki ya yi amfani da ozar awon abinci ne, mai giram 28.35, alhali zinariya da azurfa da ozar turoyi ake auna su, mai giram 31.1034768. A oza uku kaɗai giɓin ya haura giram 8, wato ya fi nauyin tsabar kuɗin zinariya guda da ake kira fam, ga shi kuma bai lissafa sauran biyun ba. Shawarata ita ce a mayar da komai ƙwaya tukuna, wato abin da aka rubuta gr. Oza ɗaya ƙwaya 480 ce, dwt ɗaya kuwa, wato awon da Turawa ke kira pennyweight, ƙwaya 24, saboda haka takardarku tana nufin 1,440 da 168 da 12, jimla ƙwaya 1,620. Tun yarjejeniyar ƙasashe kan ma'aunai ta 1959 aka tsayar da ƙwaya ɗaya a kan miligiram 64.79891, don haka idan aka ninka za a sami miligiram 104,974, wato giram 104.974. Kada a datse lambobin bayan ɗigo sai an kai ƙarshen lissafi.

Alhaji Isa, Balad, Jidda:
Lissafin Malam daidai ne, kuma akwai abin da ya ja hankalina a cikinsa. Tola ɗaya, wadda 'yan kasuwar Indiya suka yaɗa a wannan yanki, ƙwaya 180 ce, kimanin giram 11.664, kuma 1,620 tola tara ce cif, ba ragi ba ƙari. Ina kyautata zaton da tola aka saye su, daga baya wani ya mayar da awon na Turawa. Hajiya, ki kai su shago biyu daban a auna a gabanki, ki sa ido a ga sikelin ya koma sifili kafin a ɗora, a kuma duba ko akwai hatimin 916, wato alamar zinariya mai lamba 22, a cikin warwaron. Idan sun gaza da 'yan miligiram kada ki zargi kowa, domin warwaro yana cinyewa a hannu.

Bashir, Madina:
Ina ƙarami a cikinku, amma aikina ya shafi ma'adinai, sai in ƙara gargaɗi guda. Ana iya rubuta ƙwaya ɗaya a matsayin maikurogiram 64,798.91, lissafin kuma ba ƙarya ba ne, sai dai sikelin maƙerin da ya rubuta takardar nan ba ya ganin abin da ya kai wannan ƙanƙanta, don haka giram 105 ya wadatar da ku, Mama. Inda ƙananan awo ke da amfani na gaske shi ne gwajin dutsen ma'adinai don a san yawan zinariyar da ke cikinsa. Tsofaffin rahotanni, irin na zamanin da aka yi aikin haƙar zinariya a Mahadi Zahab, a yankin Madina, daga 1939 zuwa 1954, da oza a kan tan ake rubuta irinsu. Mai gwaji yakan auni garin dutse giram 29.167 ya narka, duk miligiram ɗaya na zinariya da ya rage yana nufin oza ɗaya a ƙaramin tan na Amurka, wato giram 34.29 a tan na zamani mai kilo dubu. Duk wanda irin wannan takarda ta shigo hannunsa ya fara tantance wane tan ake nufi, domin na Ingila ya fi na Amurka nauyi.

Malam Umaru, Makka:
Kada a manta da zakka. Lambar 22 tana nufin kashi 22 cikin 24 ne zinariya tsantsa, wato kimanin giram 96.2. Nisabi miskali 20 ne, kuma da yawa daga malaman zamani sun ƙaddara miskali da giram 4.25 bisa nauyin dinarin da Abdulmalik ɗan Marwan ya buga a shekara ta 77 bayan hijira, abin da ya ba da giram 85. Kayan sun haura nisabi tun suna hannun marigayin, don haka ki tambayi malamin da zai raba gadon hukuncin shekarun da suka yi a ajiye.

Hajiya Rabi, Jidda:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na kwafe lissafin Malam Habu a takarda, ranar Asabar kuma zan tafi Balad tare da ƙanena da babban ɗan yayanmu domin a auna a gaban idonsu.