Gudun yamma yana rage mini damuwa amma yana hana ni barci

Assalamu alaikum. Matsin aiki ne ya sa na fara gudu da yamma idan na tashi daga ofis, kuma gaskiya yana taimaka mini: saurin fushi da riƙewar wuya da kafaɗu sun ragu sosai. Matsalar ita ce barci. Duk ranar da na yi gudu, sai in kwanta jikina da zafi, zuciya na bugawa da sauri, ido biyu har tsakar dare. Washegari in tashi a gajiye, damuwar ta dawo sabuwa.

Na gwada mayar da gudun da sassafe, lokacin fita aiki bai bar ni ba. Na daina shan kofi da rana, babu canji. Da na koma tafiya a hankali barcin ya gyaru, sai dai ba ta sauke mini nauyin zuciya kamar gudu. Burina in cika minti 75 na motsa jiki mai ƙarfi a mako, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawara.

Don Allah, awa nawa ya kamata in bari tsakanin gama gudu da kwanciya domin jikina ya huce? Na gode.