Muhawara: Idan qemu-img ya wanke faifai, ya warke ke nan?

Injiniya: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Maganata a kan fayilolin qcow2 ce, waɗanda QEMU, manhajar da ke gudanar da kwamfutar kwaikwayo a cikin kwamfuta ta gaske, ke ajiye faifan kwamfutar kwaikwayon a cikinsu. Ra'ayina shi ne, idan irin wannan fayil mai ɗauke da hotunan yanayi (snapshots, wato ajiyar yadda faifan yake a wani lokaci don a iya komawa gare shi) ya samu matsala a bayanan tsarinsa bayan ɗaukewar wuta ko mutuwar saba (server), hukuncin qemu-img check, manhajar da ke binciken lafiyar fayil ɗin, ya wadatar. A kashe baƙuwar kwamfutar, wato ta kwaikwayon, a yi binciken, a gyara da -r all, zaɓin da ke gyara kowane irin kuskure, a sake bincike, idan ya ce babu sauran kuskure a kunna a ci gaba da aiki. Hujjata ita ce waɗanda ke kula da tsarin qcow2 su ne ke kula da wannan manhaja, kuma ba ta yin aiki sama-sama: tana bin jadawalin L1, babban jadawalin nuni, na faifan da ake amfani da shi, ta bi na kowane hoton yanayi, ta sauka kan jadawalan L2 da ke ƙarƙashinsu, ta ƙirga masu nuni ga kowane gurbi (cluster, yankin da ake ajiye bayanai a cikin fayil ɗin), sannan ta gwada abin da ta samu da ƙidayar da aka rubuta a cikin fayil ɗin. Babu ɗan Adam da zai yi wannan da idonsa. Abin da ke damuna shi ne yadda ake tsayar da aikin jama'a kwana da kwanaki ana tone-tone bayan manhajar ta riga ta yanke hukunci.

Malama: Wa alaikumus salam, Injiniya. Bayanin da ka yi na yadda binciken ke tafiya daidai ne, amma hukuncin da ka ɗora a kansa ya fi ƙarfinsa. Abin da manhajar ke tabbatarwa shi ne jadawalan nuni sun dace da jadawalin ƙidaya. Ba ta san abin da ke cikin gurbin ba, kuma ba za ta iya sani ba, domin qcow2 ba ya ajiye lambar tantancewa ga bayanan da ke cikin gurabensa.

Mu ɗauki saƙon da ya fi tayar da hankali, wato refcount=1 reference=2. Ma'anarsa wurare biyu ne ke nuni ga gurbi ɗaya alhali ƙidaya ta ce mai shi ɗaya ne. A fayil mai hotunan yanayi wannan na iya zama abu biyu mabambanta. Yana iya kasancewa faifan yanzu da wani hoto suna tarayya ta halak a kan gurbin, ƙidayar ce kawai ta gaza, kuma ba a kai ga rubutu a kansa ba. A nan ɗaga ƙidayar zuwa 2 gyara ne na gaskiya. Yana kuma iya kasancewa QEMU ya ga gurbin kamar ba shi da mai shi, ya ba wani sashe na faifan, aka rubuta sabon abu a kan tsohon. A nan ma -r all zai ɗaga ƙidayar zuwa 2, bincike na biyu ya fito tsaf, amma abin da aka danne ya riga ya tafi. Kamar fili ne da aka sayar wa mutum biyu, na biyun ya rushe ginin na farko ya yi nasa, sai aka je aka gyara rajista ta nuna sunayensu duka. Takardar bayanin qemu-img da kanta ta yi kashedi cewa -r all na tattare da haɗarin zaɓar gyaran da ba shi ne daidai ba, ko ɓoye lalacewar da ta riga ta auku.

Ɗalibi: Malama, Allah ya ƙara ilimi. To yaya batun guraben da manhajar ke cewa sun zube, waɗanda ƙidaya ta ce ana amfani da su amma babu mai nuni gare su? Ita da kanta tana rubuta cewa asarar fili ce kawai, babu cutarwa ga bayanai, kuma tana fita da lamba 3 maimakon lamba 2 da take bayarwa idan ta ga lalacewa. Shin -r leaks, zaɓin da ke gyara irin waɗannan guraben kaɗai, ba shi da wani haɗari?

Injiniya: Ƙanena, a nan ka taɓo ƙashin bayan hujjata. An tsara QEMU ne ya fara ɗaga ƙidayar gurbi kafin ya rubuta nuni gare shi a jadawalin L2, saboda idan wuta ta ɗauke a tsakanin matakan biyu, abin da zai rage shi ne marayan gurbi, wato wanda ya zube, ba gurbin da ake amfani da shi ba a ƙirga shi ba. A wurare irin namu da wuta ba ta da tabbas, mafi yawan abin da za ka gani ke nan. Haka kuma idan aka katse ƙirƙirar hoton yanayi ko goge shi, za ka tarar da gurabe masu ƙidaya 2 alhali mai nuni ɗaya ne. Har ma fayil mai sigar compat=1.1 da aka kunna masa lazy_refcounts, zaɓin da ke jinkirta rubuta ƙidaya, QEMU da kansa ke gyara ƙidayarsa a buɗewa ta gaba idan ya tarar da alamar cewa ba a rufe shi yadda ya kamata ba, ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Idan masu tsarin sun amince da gyaran har haka, ban ga dalilin da mu za mu fi su tsoro ba.

Dattijo: Injiniya, ka faɗi gaskiya game da hanya ɗaya da marayun gurabe ke samuwa, amma akwai ta biyu, kuma saƙon da manhajar ke bayarwa iri ɗaya ne a kansu. Gurbi yana zama maraya idan an ƙirga shi ba a kai ga nuna shi ba. Yana kuma zama maraya idan mai nuna shi ne ya mutu.

Ku yi lissafin tare da ni. Girman gurbi na asali a qcow2 bayit 65,536 ne, kowane layi a jadawalin L2 kuma bayit 8 ne, saboda haka jadawali ɗaya na ɗauke da layi 8,192, wato megabayit 512 na faifan baƙuwa. Layi ɗaya tak a jadawalin L1 ke riƙe da duk wannan. Idan wani abu ya mai da layin nan sifili, baƙuwar za ta ga wancan sashe babu komai, jadawalin L2 ɗin da duk guraben da ke ƙarƙashinsa za su fito a matsayin marayu, manhajar kuma ta ce babu cutarwa ga bayanai. A wannan lokacin bayanan suna nan kwance a cikin fayil ɗin, kuma ƙidayar da ake kira kuskure ita ce kaɗai ke hana a taka su. Ranar da ka yi -r leaks ka sake su, sabon rubutu na iya faɗawa kansu.

Haka lamarin yake ga jadawalin hotunan yanayi. Kowane hoto na cikin fayil yana da kwafin L1 nasa, kuma idan rajistarsa ta ɓace, duk abin da shi kaɗai ke riƙe da shi zai zama maraya. Shi ya sa nake cewa kafin a gyara komai a gwada abin da qemu-img snapshot -l ya lissafa da abin da manhajar kula da baƙin kwamfutoci, irin libvirt ko Proxmox, ke tunawa. Idan can hotuna huɗu ne nan kuma uku, to marayun nan ba shara ba ne.

Malama: Baba ya kawo abin da nake son ƙarawa, kuma akwai wata tambaya da hujjar Injiniya ta haifar da kanta. Idan tsarin rubutun QEMU ya sa ɗaukewar wuta ba ta barin komai sai marayu, to duk lokacin da muka ga kuskure na haƙiƙa, ko muka tarar QEMU ya buga wa fayil alamar lalacewa saboda ya kama kansa zai yi rubutu a kan bayanan tsari, wajibi ne mu tambayi abin da ya karya wannan kariya. Wataƙila an saita faifan a cache=unsafe, wanda ke watsi da umarnin baƙuwa na tabbatar da rubutu. Wataƙila faifan ƙarfen ne ke cewa ya rubuta alhali abin na cikin ma'ajinsa na wucin gadi, ko ƙwaƙwalwar sabar ce ke sauya bayanai. Wataƙila kuma hannu biyu ne suka buɗe fayil ɗin a lokaci guda, misali wani ya yi qemu-img snapshot baƙuwa na kunne, abin da ya sa QEMU 2.10 ya zo da kulle fayil a 2017. Ita kanta manhajar ba ma'asumiya ba ce: QEMU 4.1.0 na 2019 ya fito da kuskuren da ke lalata qcow2, wanda aka gyara a 4.1.1. Saƙonnin binciken farko, da abin da dmesg (rahoton saƙonnin tsarin sabar) da smartctl (mai duba lafiyar faifan ƙarfe) suka nuna, su ne shaidun da za su kai mu ga sanadin, kuma gyara na share kaso mai yawa daga cikinsu. Wanda ya gyara ya kunna a kan faifan ƙarfe mai ciwo zai sake dawowa nan da matsala mafi muni.

Ɗalibi kuma ka kiyaye wannan: binciken da aka yi da -U, zaɓin da ke tsallake kullen, a kan fayil ɗin da baƙuwa ke amfani da shi ba abin dogaro ba ne, domin wani ɓangare na jadawalan yana cikin ƙwaƙwalwar QEMU bai sauka ba tukuna, kuma za ka iya ganin kurakuran da babu su.

Injiniya: Malama, Baba, ban musanta ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, amma kuna magana kamar kowa na da faifai na biyu a ajiye. Ƙaramin kamfani ko makaranta da ke da saba ɗaya da fayil mai terabayit 2, ina za su kwafe shi, kuma awa nawa ma'aikata za su zauna jira? Sannan fayil ɗin da aka buga wa alamar lalacewa ba ya buɗuwa don rubutu sai an gyara shi, saboda haka gyaran ba zaɓi ba ne, dole ne.

Dattijo: Dole ne idan kana son ci gaba da zama a kan wannan fayil ɗin, ni kuwa ba na so. Fayil mai alamar lalacewa yana buɗuwa don karatu, kuma karatu shi ne abin da ake bukata. Da qemu-img convert za ka fitar da faifan yanzu zuwa sabon fayil mai sababbin jadawalai, kuma da yake ba ya tafiya da hotunan ciki, sai ka fitar da kowane hoton da kake bukata shi kaɗai ta hanyar -l. Daga nan ka buɗe sababbin don karatu kawai, ka sa e2fsck -n ko xfs_repair -n su duba tsarin fayilolin baƙuwar, sannan rumbun bayanai ya yi nasa binciken, domin kowane bene yana ganin abin da na ƙasansa ba ya gani.

Batun fili gaskiya ne, ba zan raina shi ba. Amma idan fayil ɗin yana kan tsarin fayiloli na XFS ko Btrfs, cp --reflink zai ba ka kwafi nan take kusan ba tare da cin fili ba, ka yi gyaranka a kan kwafin, asalin na nan. Sharaɗinsa shi ne faifan ƙarfen ya kasance lafiya, domin kwafin da asalin suna kwance a wuri ɗaya; idan smartctl ya nuna ciwo, babu makawa sai an nemo wani faifai an kwashe da ddrescue, manhajar kwafe faifai mai ciwo, kuma kuɗinsa bai kai kuɗin sake tattara bayanan albashi ko sakamakon jarrabawa ba.

Ɗalibi: Baba, duk wannan a kan hotunan cikin fayil ne. Idan hotunan na waje ne fa, inda sabon fayil ke zaune a kan tsoho?

Malama: A nan ne ma da'awar ta fi rauni. Binciken na duba fayil ɗaya ne, wanda aka ba shi, kuma qcow2 ba ya ajiye wata shaida game da fayil ɗin da ke ƙarƙashinsa face sunansa da nau'insa. Idan wani ya kunna fayil ɗin ƙasa bisa kuskure ya yi rubutu a ciki, na sama zai ci gaba da haɗa tsofaffin sauye-sauyensa da tushen da ya canza, kowanne daga cikinsu kuma zai fita da lamba 0 a bincike, alhali baƙuwar na ganin faifai a hargitse. VMware, wata manhajar kwamfutar kwaikwayo, na kama irin wannan ta hanyar gwada lambobin shaida na CID da parentCID, ya ƙi kunnawa. A qcow2 kuwa sai ka bi sarƙar da qemu-img info --backing-chain, ka duba ranar da aka taɓa kowane fayil, ka tabbatar babu na ƙasa da aka sauya bayan an ɗora na samansa.

Injiniya: Na cire hotunan waje daga maganata, domin ba aikin da aka gina manhajar don shi ba ne. Amma ina nan a kan abu biyu. Baƙuwar gwaji da za a iya sake ginawa, ko wadda ke da kwafin ajiya na daren jiya da aka tabbatar yana dawowa, -r all ya ishe ta. Kuma idan lamba 3 ce ta fito, hotunan sun cika, marayun kuma 'yan kaɗan ne, ban ga abin jira ba.

Malama: Na yarda da na farko, domin a can kwafin ajiyar ne ke ɗauke da haɗarin, ba manhajar ba. Na biyun kuwa ba zan sa hannu ba, saboda yawan marayu ba ma'auni ba ne. Layi 8,192 da Baba ya ambata iyaka ce ta sama. Jadawalin L2 da baƙuwa ta rubuta gurabe goma kacal a ƙarƙashinsa, idan ya ɓace marayu goma sha ɗaya zai bari, kuma goman nan na iya zama bayanan tsarin fayilolin baƙuwar. Abin da ya kamata a duba shi ne qemu-img map, mai nuna sassan faifan da ke da bayanai da waɗanda babu komai: a nemi ramin da ya fara daidai kan iyakar megabayit 512 ya kuma kai iyaka ta gaba, sannan a tambayi tsarin fayilolin baƙuwar ko yana da wani abu a wannan sashe. Idan ya ce yana da shi, kada a taɓa marayun, a buɗe su ɗaya bayan ɗaya a nemi wanda cikinsa jerin adireshi ne masu bayit 8, domin shi ne jadawalin da ya ɓace, kuma ana iya mai da adireshinsa cikin L1 a kan kwafi.