Ina son tambarina ya koma ruwan gwal ba tare da bayansa ya toshe ba

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu aikin zane a kwamfuta ku taimaka min. Ina sana'ar turaren wuta da humra. Wanda ya zana min tambari ya turo min shi baƙi, ba shi da bango, duk hoton da na ɗora shi a kai zama yake daram. Yanzu na sayo baƙaƙen kwalabe, ina son ya koma ruwan gwal a buga min sitika. Na zuba kalar da bokitin fenti na wata manhaja a waya, gwal ɗin ya hau, amma bakin haruffan ya bar baƙin zare kamar an ja musu kwalli. Da na tura wa mai buga sitika ta WhatsApp kuma, ya ce cikin farin akwati ya iso masa. Mai zanen ya bar gari, layinsa ba ya shiga. Yaya zan yi?

Wani mai zane:
Wa alaikumussalam Hajiya. Farin akwatin ba daga kalar yake ba, daga nau'in fayil ne. JPEG ba ya iya barin wuri wayam, dole ya cike shi da wata kala. PNG kuwa, ban da ja da kore da shuɗi, yana ajiye wa kowane ɗigo na hoto lamba ta huɗu, daga 0 zuwa 255, mai faɗin yadda ake ganin abin da ke bayansa. In kika tura hoto ta WhatsApp yadda aka saba, matse shi yake ya mayar da shi JPEG, wannan lambar ta tafi ke nan. Ki adana shi a PNG, ki danna alamar maƙala fayil ki zaɓi Document. Haka zai isa yadda yake.

Wata 'yar'uwa:
Anti, ki gwada Hue/Saturation, ma'aunin juya launi na manhajojin gyaran hoto, da shi nake canza kalar hotunan kayana.

Mai zanen da ya fara amsawa ya dawo:
Wannan yana yi in tambarin ja ne ko shuɗi, ƙanwata. Baƙi ƙirin ba shi da launin da za a juya, ko kin ja ma'aunin har ƙarshe baƙin zai zauna. Zaren da Hajiya take gani kuma ga dalilinsa: don kada bakin harafi ya fito da haƙora, ɗigogin gefe ba cikakkun baƙi ba ne, wasu rabi-rabi ne, wasu da ƙyar ake ganinsu. Bokiti yana bin waɗanda suka yi kama da inda aka danna, ya tsallake na gefen. Don haka Hajiya, ki rabu da bokiti.

Ki shiga Photopea, shafin gyaran hoto ne a intanet, kyauta ne, ba sai kin sauke komai ba, kuma tsarinsa irin na Photoshop ne. Ki buɗe asalin baƙin fayil ɗin, ba wanda kika riga kika fenta ba. A sashen Layers akwai jerin makullai, ki danna na farko mai kama da allon dara, shi ke kulle wuraren da ba komai. Sai ki saka lambar kala D4AF37, ki je Edit ki zaɓi Fill. Kalar za ta hau inda zane yake kaɗai, ɗigon da yake rabi zai zama rabin gwal, bakin ya fito sumul. Daga nan File, Export as, PNG. Mai amfani da manhajar GIMP ma haka zai yi, can sunan makullin Lock alpha channel.

Wani ɗalibi:
In waya ce kawai a hannunki, manhajar PixelLab ma ta isa. Ki shigo da tambarin, ki kunna Color ki zaɓi kalar, amma ki tabbata kin mayar da bangon Transparent, wato wayam, kafin ki adana. Sai dai duk tambarin zai zama kala ɗaya, in akwai fure ko wani ado mai kala daban zai shafe.

Wani mai shagon buga takardu:
Hajiya, ki tsaya kafin ki biya kuɗin aiki, don wannan ya fi damuna. Gwal ɗin da kike gani a waya hasken fuskar waya ne ke taimakonsa. Na'urar bugu ta yau da kullum tawada huɗu gare ta, kuma babu mai ƙyalli a ciki, abin da zai fito rawaya ne mai duhu. Babu farar tawada kuma. In aka buga a sitika garai-garai da ake ganin bayanta, kika manna a baƙar kwalba, kalar nutsewa za ta yi. Ki tambayi mai buga sitikar ko yana da takardar sitika mai ruwan gwal. In akwai, a buga baƙi a zagaye a bar haruffan ba tawada, gwal ɗin takardar ne zai leƙo. Ki sa ya buga miki guda ɗaya ki manna a kwalba ki duba da rana tukuna.